Wufarka da Kunnena na Hagu

"Hajiya, ki bar mana wannan, harkar matasa ce. Waya ce da wuta, ba za ki gane ba."

Sale mai rewaya ne ya faɗa mini haka jiya da hantsi a bakin garejinsa, yana riƙe da wata siririyar waya ja da yake shirin ja maka daga batir zuwa but ɗin motarka. Fiye da shekara ashirin ina koyar da Fiziks a makarantar 'yan mata, har ƙanwarsa ni na koya mata lissafin waya da wuta a aji huɗu. Na ce masa, "To, Malam Sale, Allah ya ƙara basira." Kai kuma kana tsaye a gefe kana sosa ƙeya, kana addu'a a zuci in tafi.

Na tafi. Amma ga ni na dawo a takarda.

Assalamu alaikum, Abba. Ina fata ka tashi lafiya. Allah ya kai ka Kaduna lafiya jibi, ya sa ka shiga wannan aiki a sa'a, ya haɗa ka da shugabanni masu adalci da maƙwabta masu haƙuri. Maƙwabtan musamman, domin na san abin da kake ɗauke da shi a bayan mota. Na rubuta Abba kamar kullum. Sunan kakanka ne da kai, kuma duk karatun jami'ar da na yi bai cire mini kunyar faɗarsa ba.

Na zaɓi takarda ne saboda a cikin motarka ba a magana, a gida kuma duk abin da na faɗa sai ka ce "To, Umma" tun ban kai ƙarshe ba.

Tun ranar da babanka ya ba ka tsohuwar motarsa, wata huɗu ke nan, na san dawowarka gida tun kana kwanar masallaci. Kwanukan da ke cikin kabad su ne ke fara sanar da ni. Ka cire safaya taya ka jingine ta a zaure domin akwatin wufa, manyan sifikun kiɗan nan, ya samu wuri. Wato ka zauna ka yi tunani, ka auna tayar da za ta fitar da kai daga dajin hanya da abin da ke cewa dum, dum, ka zaɓi dum. Yanzu kuma ka ce bes ɗin, wato dum ɗin nan, bai kai ba, kana so a ƙara kafin ka tafi.

Ba zan ce ka cire ba. Idan na ce, za ka cire a gabana, ka isa Kaduna ka mayar a hannun wani mai rewaya da ya fi Sale ganganci. Gara in koya maka. Na fi ka sanin wannan aikin, kuma ba a littafi kaɗai na san shi ba.

Ina aji biyu a jami'a kawunka Nasiru ya sayi bas. Wannan kawun naka da yanzu yake zama a sahun gaba da carbi, yake kuma yi maka faɗan kiɗa. Yana jigila ne Kazaure zuwa Kano, ranar kasuwa kuma ya yi Ɓaɓura. Burinsa a duniya a lokacin guda ɗaya ne: a ji shi tun kafin ya shigo tasha. Ya samo amfilifaya ta hannu, na'urar ƙara ƙarfin sauti, da manyan sifika biyu, ya zo ya tsugunna a ƙofar ɗakin Inna, mahaifiyarmu, ya ce, "'Yar boko, ashe ba wuta kuke karantawa ba? Zo ki nuna mana amfanin kuɗin makaranta."

Da na ce ban iya ba, da na huta. Amma ina da shekara ashirin, kuma na ci jarrabawa. Na sa kafinta ya yi akwati, na kwana biyu ina zane a takarda, na haɗa komai a cikin gida da ƙofar zaure a rufe, saboda kada a ga 'ya mace a ƙarƙashin kujerar bas da sukudireba. Muka kunna. Muryar mawaƙi ta fito tas, amma ganga babu. Bes ɗin kamar ana buga kwali.

Ka san me na yi? Sifika ɗaya na juya mata waya, ja a wurin baƙa. Ɗaya na tura iska gaba, ɗaya na ja baya a lokaci guda, suna cinye aikin juna. Abin da na zana a allo, na ci maki a kansa. Amma ban duba aikina ba, domin ban yarda zan iya kuskure ba. Na ce amfilifaya ce ba ta da ƙarfi. Na samu ɗan maɓallin nan da ke jikinta, wanda kuke kira gen, na murɗa shi har ƙarshe.

Ranar kasuwar Ɓaɓura na bi shi don in ji aikina. Mun yi nisa sai ƙauri ya tashi, irin na roba da gashi a wuta. Wani dattijo ɗan Nijar da ke bayana, da jakar sefarsa a ƙirji, ya ce, "Direba, motarka tana dafa wani abu." Kawunka ya tsaya. Sifika ɗaya ta ƙone ƙurmus. Abin dariyar, da ta mutu sai bes ya fito, tunda ɗayar ta samu ta yi aikinta babu mai ja mata baya. Kawunka ya dube ni ta madubi ya ce, "Ashe da ɗaya ma ya fi. Sannu, injiniya."

Saboda haka, kafin ka ƙara komai, duba abin da kake da shi. Wufa biyu ne a akwatinka. Cire wayar daga amfilifaya, ka ɗauki batirin tocila guda ɗaya, ka taɓa bakin wayar a kai. Ka kalli fuskokinsu. Su biyun su zabura waje guda. Idan ɗaya ta fito ɗaya ta shiga, ka gano inda bes ɗinka yake tafiya. Na tsaya a bayan motarka jiya na saurara, kuma ina zargin abin da ke faruwa ke nan. Sale yana haɗa waya yana amsa kiran waya.

Gen kuma ba maɓallin ƙara murya ba ne, ko da duk samarin Kazaure sun rantse maka. Aikinsa ya daidaita abin da rediyo ke aikowa da abin da amfilifaya za ta iya ɗauka. Idan ka murɗa shi ya wuce iyaka, amfilifaya tana yanke kan sautin, ta aika wa wufa zafi a maimakon kiɗa. Kunnenka zai ce ya ƙaru, amma ƙazanta ce ta ƙaru. Ka mayar da shi ƙasa, ka ɗaga muryar rediyo zuwa kusan kashi uku cikin huɗu, sannan ka riƙa ɗaga gen a hankali. Da ka ji ganga ta fara kakkarwa kamar mai mura, ka koma baya kaɗan ka bar shi nan. Kada ka sake taɓawa, kada kuma ka bar abokinka Faruku ya taɓa. Yaron nan duk abin da ya ga yana murɗuwa sai ya murɗa.

Ba a nan na tsaya ba, domin mai taurin kai ba ya koyo da ƙonewa ɗaya. Da muka sayi wata sifikar, na ja wutar amfilifaya da wayar gida, irin wadda ake ja wa ƙwan fitila. Ita ce a hannu. Ban sa fiyus ba, na ce ai na auna komai. Na bi da ita ta wani rami a ƙarfen mota, ba tare da na naɗe bakin ramin ba. Wata biyu tana gogar ƙarfe a kan hanyoyinmu. Ranar da ta gama gogewa, kawunka yana kan hanyar Roni da mata 'yan biki cike da mota. Hayaƙi ya turnuƙe daga ƙarƙashin kujerarsa. Allah ya sa yana da fulaya a kusa, ya fizge kan batir. Matan suka fita ta ƙofa da taga, wata ta bar takalminta. Babu wanda ya ji rauni sai hannun kawunka. Tabon da ke bayan hannunsa na dama, wanda yake ce muku na tafasasshen ruwan lagireto ne, aikina ne. Ya rufa mini asiri har yau. Ka bar shi a rufe.

Wayar da na gani a hannun Sale ƙanwar waccan ce. Siririyar waya tana shaƙe amfilifaya, shi ya sa fitilunka ke lumshewa duk lokacin da ganga ta buga, kai kuma kana ganin abin burgewa ne. Ka sa mai kauri, ta jan ƙarfe na gaske, ka yanka bakinta ka gani da idonka kafin ka karɓa. Fiyus ya zauna kusa da batir, tazarar da ba ta wuce tsawon hannunka ba. Idan ka sa shi can baya kusa da amfilifaya, duk tsawon wayar da ke bi ta ƙarƙashin kujerarka babu mai tsaronta. Wayar da ake ɗaurewa a jikin mota ta zama gajera, mai kauri ɗaya da ta batir, kuma a kankare fenti har ƙarfe ya yi fari kafin a ɗaure noti. Sale ya ɗaure taka a kan fenti. Na gani. Ban yi magana ba, tunda ba zan gane ba.

Sauran kuma aikin kafinta ne. Akwatinka yana shan iska ta kusurwa, na sa tafin hannu na ji. A bi duk mahaɗar da gam. A juya fuskar wufar ta kalli bayan mota. A sa soso a bayan lambar mota, domin rabin abin da unguwa ke ji ba kiɗanka ba ne, lambarka ce ke rawar sanyi. Idan ka yi waɗannan za ka samu bes fiye da wanda Sale zai sayar maka, kuma ka samu wurin mayar da tayarka idan ka rage girman akwatin. Ka mayar da tayar, Abba. Don Allah.

To, na ba ka abin da kake so. Yanzu ka zauna ka karanta abin da ya sa na ɗauki biro.

Bayan mun gyara komai, bas ɗin kawunka ya zama abin kwatance. Ni kuma duk zuwa Kano da dawowa a ciki nake, har na gama jami'a, har na fara koyarwa. Akwatin yana ƙarƙashin kujerar baya ta hagu, wata sifikar kuma a jikin bango daidai kai. Nan ne wurin zamana. Babu mai so, ni nake nema. Ina son in ji aikina yana dukan haƙarƙarina. Idan na sauka, kunnena na hagu yakan yi ta kuka kamar gyare ya shiga ciki, maganar mutane kuma ta zama kamar daga cikin randa. Kafin gari ya waye sai ya tafi. Na ce ai yana tafiya. A ɗakin kwanan ɗalibai kuma in toshe kunnuwa da abin sauraron kaset in yi karatu. Wata rana gyaren ya zo bai tafi ba. Yana nan yanzu da nake rubutun nan. Ya girme ka.

Ba na ji da kunnen hagu, Abba, sai kaɗan. Ba zan rantse cewa bas ɗin ne kaɗai ya ci shi ba, tunda ban taɓa bari likita ya duba ba. Amma na san gefen da nake zama.

Babanka ya sani, domin ba a ɓoye wa miji irin wannan. Ban da shi babu wanda na faɗa wa. Na tsara rayuwata a kai kamar yadda ake tsara jadawalin darasi. Teburina a aji yana kusurwar da ɗalibai duka za su kasance a damana. A mota ina zama inda mai magana zai zo ta dama. A gidan biki ina kallon baki. Idan mace ta gaishe ni ta hagu na wuce, sai a ce Malama girman kai gare ta, boko ya yi mata yawa. Na ji ana faɗa, da kunnen dama. Kuma na zaɓi a ce mini mai girman kai da a ce mini kurma. Ka ga irin lissafin mai digiri.

Ranar da Inna za ta rasu, kana aji uku na firamare, muna asibiti bayan la'asar. Gadonta yana jikin bango, kujera ɗaya ce, kuma ta sa Inna a haguna. Gwaggonninka, 'yan uwana mata, suna tsaye a ƙafar gado. Ta kamo mayafina ta jawo ni, ta sa bakinta a kunnena, ta yi magana. Ta daɗe tana yi. Ina jin ɗumin numfashinta. Abin da ya kamata in yi ba shi da wuya: in juya kai in ba ta ɗaya kunnen, in ce, "Inna, sake faɗa, ba na ji ta nan." Amma 'yan uwana suna kallo. Na gyaɗa kai, na ce, "To, Inna. In sha Allahu." Ta sake ni, ta rufe ido kamar wadda ta sauke kaya. Kafin magariba ta cika.

Gwaggonka Hauwa ta tambaye ni a wurin zaman makoki, "Yaya, me Inna ta ce miki?" Na ce, "Addu'a ce." Wataƙila addu'ar ce. Wataƙila amana ta ba ni, na ce in sha Allahu, kuma har yau ban sauke ba. Babu wanda zan tambaya.

Makon jiya Baffa Alhaji, yayan babanka, ya zo gidan nan da kansa daga Gwiwa, abin da ba ya yi sai da dalili. Ya ƙi zama a kujera. Ya ce ranar Juma'a ka sauko daga mota a ƙofar gidan gado, yana zaune da dattawa a kan tabarma, ya kira ka, ya sake kira, ka wuce ciki ko waiwaye babu. A gaban mutane. Ya ce, "Malama, ɗanki ya samu aiki ya fi ƙarfin gaisuwa. Dama an ce tarbiyyar boko sai a hankali." Babanka ya sunkuyar da kai. Kai ka rantse ba ka ji ba, aka ce ƙarya ce a kan rashin kunya, aka sa ka je ka durƙusa ka ba da haƙuri.

Ni na san ba ƙarya kake ba. Na ga yadda kake sa yatsa a kunne kana girgizawa idan ka fito daga mota. Na ga ka fara juya kai gefe guda idan ƙanwarka tana maka magana daga kicin. Na ga lambar da kake kai muryar talabijin. Na san wannan juya kan, ni na fara shi a gidan nan. Kuma ina zaune a wurin, Baffa yana zagin tarbiyyarka, na yi shiru. Da na buɗe baki na kare ka, sai an tambaye ni yadda aka yi na sani. Na bar ka ka durƙusa a kan laifin da ba ka yi ba, don in ci gaba da zama Malama mai girman kai. A cikin duk kurakuran da na lissafa maka, wannan ne sabo, kuma shi ne ya hana ni cin abinci. Ka yafe mini.

Haushinka nake ji, kada ka yi zaton na daina. Ina jin haushin yaro mai digiri da zai rufe gilashi ya zauna a cikin ganga na tsawon hanyar Kaduna, ya kira abin jin daɗi. Ina jin haushin Faruku, da Sale, da kawunka mai carbi. Amma na fi jin haushin wadda ta san sunan kowane sashe na kunne, ta koya wa 'yan mata ɗaruruwa yadda sauti ke tafiya, ta kasa faɗa wa ɗanta jimla ɗaya.

Ga jimlar. Abin da ke ji a can cikin kunne, idan ya mutu ba ya sake tsirowa, kuma ba a sayar da shi a gareji.

Don haka idan sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, kiɗan ya yi yawa, ka rage. Idan ka sauka ka ji gyare, wannan ba alamar wufa mai kyau ba ce, kunnenka ne ke kuka, ka ba shi hutu. A doguwar hanya ka riƙa kashewa, ka ji injinka, ka ji hon ɗin babbar motar da ke bayanka. Idan ka shigo unguwa, ko ka ga tabarmar dattawa, ko rumfar makoki, ka kashe tun daga nesa. Idan kuma wani ya yi maka magana ba ka ji ba, kada ka gyaɗa kai. Ka ce, "Ban ji ba, a sake faɗa." Ko waye. Ko a gaban waye.

Naka bai kai nawa ba, ina kyautata zato. Amma zato ne ya kawo ni inda nake. Na yi waya asibiti a Kano, sashen kunne, na karɓi layin mutum biyu na yau da ƙarfe sha ɗaya. Ɗaya nawa ne. Zan je in zauna a gaban wani likita da wataƙila ɗalibata ce ta haife shi, in gaya masa abin da ban gaya wa uwata ba. Daga can, idan na dawo, zan wuce Gwiwa wurin Baffa Alhaji in yi masa bayani da bakina. Ba zai ji daɗin ba ka haƙuri ba, amma wannan matsalarsa ce.

Layi na biyu ban rubuta suna ba. Ba zan ja ka ba, ka girma, jibi ma'aikaci ne kai. Ina tasha har ƙarfe tara. Idan motar haya ta cika kafin nan, zan bi ta. Idan kuma ka zo, ka zo da abin nan a kashe, kuma ni zan zauna a baya ta hagu, daidai bayanka, don kada ka kasance a haguna. Akwai maganar da za mu yi a hanya.

Allah ya tsare ka a tafiya da zama. Allah ya kiyaye maka jinka da ganinka har tsufa, ya sa ka ji kiran 'ya'yanka tun daga zaure. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka haƙurin uwa irin tawa da irin taka.

Kana banɗaki, ina jin ruwa na zuba. Na ajiye takardar a kan makullin motarka, inda ba za ka kasa gani ba. Na ja maka ƙofa.

Na tafi.

Ummanka